Injin Faifai na Audio-Technica AT-LP60X: Wata Huɗu Ina Sauraron Tsofaffin Albam da Shi

Ranar da kawuna ya tashi barin Kaduna domin komawa gida bayan ya daɗe da yin ritaya, ya kira ni ana tsaka da ɗaure kaya, ya jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya ce: "Ɗana, ɗauki wannan. A cikinku duka kai kaɗai na ga kana iya zama ka saurari abu har ya ƙare." Da na buɗe akwatin sai na tarar da faya-fayan garmaho jere a tsaye, kusan guda sittin, wasu rigunansu na kwali sun ji jiki, wasu kuwa kamar jiya aka sayo su. Injin da yake kunna su da shi ya daɗe da lalacewa, saboda haka rabin dukiya na samu, ɗaya rabin kuma dole in nemo shi da kaina. Wannan ne ya kai ni ga sayen injin Audio-Technica AT-LP60X, kuma yau wata huɗu ke nan ina zama da shi kusan kowane dare bayan sallar isha'i, in ɗora faifai ɗaya, in saurare shi daga farko har ƙarshe.

Kamfanin da ya ƙera injin na ƙasar Japan ne, Hideo Matsushita ya kafa shi a birnin Tokyo a 1962, kuma da ƙera kan allurar garmaho ya fara sana'arsa. Wannan samfurin shi ne na masu farawa. Yana juyawa da gudu iri biyu: zagaye 33⅓ a minti ɗaya domin manyan faya-fayai masu faɗin inci 12, da zagaye 45 domin ƙanana masu inci 7. Farantin da ake ɗora faifai a kai na alminiyom ne, kuma bel na roba ne ke juya shi, wanda yake hana girgizar ƙaramin injin da ke ciki ta isa ga allura. A cikin kwalinsa akwai shimfiɗa mai laushi ta kan faranti, da murfin roba da ake hango ciki ta jikinsa, da wayar da ake haɗa shi da lasifika, da kuma abin jona wuta wanda yake a waje, ba a cikin jikin injin ba. Haɗa shi bai ɗauke ni rabin sa'a ba, kuma abin da ya fi neman natsuwa shi ne zarga bel ɗin a kan ɗan ƙarfen da ke juya shi.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne yadda yake sarrafa kansa. Da ka danna maɓallin farawa, hannun allurar zai ɗaga, ya matsa, ya sauka a hankali a bakin faifai, idan fuskar ta ƙare kuma ya ɗaga ya koma mazauninsa, faranti ya tsaya. Duk wanda bai saba ba, hannunsa kan yi rawa wajen ɗora allura, kuma ƙarzar da aka yi wa faifai sau ɗaya ta zauna ke nan har abada. Sannan sautin da allura ke ɗaukowa daga jikin faifai ƙarami ne ƙwarai, sai an ƙara masa ƙarfi kafin lasifika ta iya fitar da shi. Wannan injin yana da na'urar ƙara ƙarfin a cikinsa, da maɓalli a baya da za ka kunna ta ko ka kashe ta idan kana da amfilifaya taka. Sai dai mai saye ya sani cewa babu lasifika a tare da shi, kuɗinta daban ne, kuma ingancin abin da zai ji ya dogara da ita matuƙa.

Faifan da na fara ɗorawa shi ne wanda ya fi kowanne tsufa a ido, alamar cewa shi kawu ya fi kunnawa: Zombie na Fela Anikulapo Kuti da ƙungiyarsa ta Africa 70, wanda ya fito a Nijeriya a 1976. Na sha jin wannan waƙa a waya, amma a gutsuttsure, a cikin hayaniyar mota ko ta kasuwa, ban taɓa ba ta haƙƙinta ba. A nan ne na lura cewa mintuna masu yawa suna wucewa kafin Fela ya buɗe baki, kuma waɗannan mintuna ba ɓata lokaci ba ne, gini ne ake yi. Jita biyu ne ke fara saƙa, kowace tana maimaita 'yar gajeruwar jimlarta ba ta kauce ba, sannan gangunan Tony Allen su shigo, sannan ƙahonni su auko gaba ɗaya kamar an buɗe ƙofar dam. Kiɗan Tony Allen ya fi komai kama hankalina, domin ba dukan ƙarfi yake yi ba, taɓawa yake yi nan da can, hannuwa da ƙafafu kowanne da nasa zancen, amma duk nauyin waƙar a kansa yake. Da Fela ya fara jefa umarnin fareti 'yan amshi mata suna karɓa, sai na ji tsarin ya zo mini kamar na gida, domin duk wanda ya tashi yana jin makaɗa da 'yan amshinsu ya san yadda amshi ke ɗaure waƙa ya hana ta watsewa.

Na saurare ta ina tuna abin da ya biyo bayanta, domin sojoji waƙar take yi wa shaguɓe. A ranar 18 ga Fabrairu 1977, 'yan kwanaki bayan kammala bikin al'adun baƙar fata na duniya da ake kira FESTAC a Legas, sojoji kusan dubu suka far wa gidansa da ya kira Jamhuriyar Kalakuta, suka ƙona shi, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti ta taga, kuma ta rasu a 1978 ba ta warware daga raunukan ba. Sanin wannan yana sa kiɗan da ke sa ƙafa motsi ya yi nauyi a ƙirji. Ta fuskar injin kuwa, wannan tsohon faifai mai ƙarce-ƙarce jarrabawa ce mai kyau, kuma ya ci ta: allurar ba ta yi tsalle ko sau ɗaya ba, 'yar ƙarar tas-tas da ake ji a farko kuma ta nutse da zarar ƙahonnin sun shigo.

Exodus na Bob Marley da The Wailers shi ya koya mini ma'anar fuska biyu. An naɗe shi a Landan, ya fito a watan Yuni 1977, bayan 'yan bindiga sun harbi Marley a gidansa da ke Kingston a ranar 3 ga Disamba 1976, abin da ya sa ya bar Jamaika na wani lokaci. Waƙar farko ba ta faɗowa kai tsaye, daga nesa take tasowa a hankali, har ma na fara zaton lasifikata ce ba ta kama ba, sai ga kaurin jitar bas yana ƙaruwa kamar mai tahowa daga ƙarshen layi. Fuskar farko duka ta mutumin da aka tsananta wa ce, zancen zalunci da hukunci da ƙaura. Daga nan sai allura ta ɗaga, ɗaki ya yi tsit, ka tashi ka juya faifai, sai ka tarar da wani mutum daban a fuska ta biyu, mai zancen soyayya da kwantar da hankali. Wannan shirun da ke tsakani yana cikin aikin, kuma wanda ke saurare a waya waƙoƙi suna bin juna babu tsayawa ba zai taɓa jin sa ba. Mujallar Time ta zaɓi wannan albam a 1999 a matsayin mafi kyau na ƙarni na ashirin. Ni ban kai shi can ba, amma na fahimci abin da ya ja su.

A kan wannan faifai ne kuma na fara jin iyakar injin. Yayin da allura ke matsowa tsakiya, zagayen yana ƙanƙancewa, sautin yana matsuwa a ɗan wuri, saboda haka kaifafan sauti kan ɗan yi kaushi a waƙar ƙarshe ta kowace fuska. Wannan ɗabi'ar faifai ce tun asali, amma allura mai zagayayyen baki irin wadda ke kan wannan injin ta fi nuna ta. Ba a iya daidaita nauyin hannun allurar, ba a kuma iya cire kan gaba ɗaya a sa wani mafi tsada. Allurar kaɗai ake sauyawa idan ta ci, lambarta ATN3600L. An yi haka ne domin kada mai farawa ya ɓata saiti, kuma a wurina ciniki ne mai kyau, amma wanda ya san zai zurfafa a wannan sha'awa ya yi lissafin cewa wata rana zai nemi na gaba da shi.

Kind of Blue na Miles Davis, Ba'amurke mai busa ƙaho a kiɗan jazz, ba ya cikin akwatin kawu, sabon bugu na saya da kuɗina saboda yawan yabonsa da nake ji, kuma ba zan ɓoye ba, daren farko bai shige ni ba. Babu murya, babu amshi, babu inda zan kama. Sai a dare na uku, da wuta ta ɗauke a unguwa, janaretocin maƙwabta ba su kai ga tashi ba, ni kuma ina kan batirin sola, na ji abin da ake faɗa. An naɗi wannan albam a zama biyu kacal, 2 ga Maris da 22 ga Afrilu 1959, a wani ɗakin naɗi na kamfanin Columbia a birnin New York wanda asalinsa coci ne, kuma faɗin ɗakin yana fitowa a sautin. Davis bai ba makaɗansa cikakken rubutaccen kiɗa ba, 'yan matakan sauti ya zana musu ya ce kowa ya yi tafiyarsa a ciki. Shi yana busa ƙahonsa kamar mai tauna magana kafin ya furta ta, John Coltrane yana zuba kamar wanda zance ya cika wa ciki, Cannonball Adderley yana da fara'a a busarsa, Bill Evans kuma yana taɓa piyano kamar mai tsoron tada barci. Da na gane cewa hira ce tsakanin mutane masu hali daban-daban, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya dasa aya, sai ƙofar ta buɗe mini. Akwai wani bayani game da wannan albam da ya shafi masu injin faifai: na'urar da aka naɗi waƙoƙin fuskar farko da ita ba ta juya daidai ba, saboda haka shekaru fiye da talatin mutane suna jin su da ɗan sauri fiye da yadda aka kaɗa su, sai a 1992 aka gyara. Dogayen sautukan piyano su ne ke tona asirin injin da gudunsa ke tangaɗi, kuma a kunnena wannan injin ya riƙe su ba tare da rawar da za ta dame ni ba.

What's Going On na Marvin Gaye, na 1971, yana buɗewa da muryoyin mutane suna gaisawa kamar a wajen biki, sannan busa ta shigo, sannan muryarsa guda biyu a ɗore kan juna, ɗaya tana jan zance ɗaya tana lallashi. Ya gina albam ɗin a kan idon sojan da ya dawo daga yaƙin Biyetnam, kamar yadda ƙanensa Frankie ya dawo, ya tarar da talauci da ƙwaya da rikici a gida. Shugaban kamfanin Motown da ya fitar da albam ɗin, Berry Gordy, bai so fitar da waƙar farko ba da fari. Waƙoƙin fuskar farko suna shiga cikin juna babu yankewa, don haka ba albam ne da ake tsintar waƙa ɗaya a ciki ba. Abin da ya taɓa ni shi ne yadda mutum zai yi kuka da halin ƙasarsa ba tare da ya ɗaga murya ba, kuma na saurare shi a makon ɗaya da Zombie, na ga hanyoyi biyu na faɗar gaskiya, ɗaya da bulala ɗaya da hawaye.

The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, wanda aka naɗa a ɗakin Abbey Road na Landan ya fito a 1973, shi nake ɗora wa baƙo idan ina so ya ji abin da lasifika biyu ke iya yi. Bugun zuciyar da ke buɗe shi, da agogunan da ke kaɗawa gaba ɗaya, da sautin da ke yawo daga hagu zuwa dama, duk sun fito sarai. Ina girmama gwanintar da aka zuba a ciki, amma ban ji ya zauna mini a zuciya ba, in ban da inda Clare Torry take rera murya babu kalma ko ɗaya a ƙarshen fuskar farko. Na kunna shi sau huɗu, ya koma akwati.

Wanda ya ba ni mamaki shi ne faifan waƙoƙin fim ɗin Indiya Mughal-e-Azam na 1960, kiɗan Naushad, mafi yawan waƙoƙin kuma da muryar Lata Mangeshkar. Ina ɗora shi da yammacin wata Asabar sai na ji mahaifiyata daga tsakar gida tana bin karin waƙar a hankali, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba. Na fito na ce: "Inna, ashe kun san wannan?" Ta ce: "Wa bai san ta ba a zamaninmu?" Finafinan Indiya sun daɗe a gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos, kuma karin waƙoƙinsu ya shiga kunnen iyayenmu tun kafin a haife mu. Naɗin tsoho ne, sautinsa siriri, duka daga tsakiya yake fitowa babu hagu babu dama, amma muryar tana ratsa shi kamar zare a cikin allura.

Na biyu cikin waɗanda na saya da kaina shi ne Talking Timbuktu na Ali Farka Touré, mutumin Niafunke a ƙasar Mali, tare da Ba'amurke Ry Cooder, wanda ya fito a 1994 ya kuma ci kyautar Grammy. Wannan bai buƙaci dare uku ba. Ƙwaryar da ake kaɗawa da 'yar gogen nan mai tsirkiya ɗaya da suke kira njarka sun sa na ji kamar a ƙofar gida ake yi, ko da yake da Songhai da Fulatanci da Bambara da harshen Buzaye yake waƙar. Turawa sukan ce kiɗansa ya yi kama da na baƙaƙen fatar Amurka da ake kira blues. Shi kuwa ya sha nuna cewa tushen a wurinsu yake, reshe ne ya tsallaka teku. Abin yabo ga Cooder shi ne ya san matsayinsa na baƙo, yana bin mai gida a baya, ba ya shan gabansa.

Game da kula da kayan, ƙasarmu tana da nata sharuɗɗan. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba, domin tana kwanciya a cikin layukan faifai, allura ta tattaro ta ta zama ɗan curi a bakinta, sauti ya dushe. Na saba da share kowace fuska da burushi mai laushi kafin in ɗora allura, in kuma rufe murfin da zarar na gama. Zafi kuma yana lanƙwasa faifai, saboda haka a tsaye ake jera su, nesa da taga da rana, ba a kwance wani kan wani ba. Biyu daga cikin na kawu da aka bari a kwance a saman akwatin sun karkace, allura tana hawa da sauka a kansu kamar kwalekwale. Injin ba shi da nauyi, jikinsa mafi yawa roba ne, don haka yana son teburi mai ƙarfi wanda ya daidaita, kuma kada a ɗora lasifika a kan teburi ɗaya da shi, domin girgizarta tana komawa cikin allura. Ba ya cin wuta sosai, ƙaramin batirin sola yana ɗaukarsa tare da lasifika har tsawon dare. Akwai irinsa mai Bluetooth da kuma mai USB ga wanda yake so ya kwafe faya-fayansa zuwa kwamfuta, ni dai na ɗauki wanda ba shi da ko ɗaya daga cikinsu.

Gargaɗi ɗaya ga wanda ya gaji faya-fayan kakanni: tsofaffin nan masu nauyi da saurin fashewa, na garmahon da ake wana wa hannu, suna juyawa ne da gudun 78, kuma wannan injin ba ya kunna su, allurarsu ma daban ce. Dogon faifai mai gudun 33⅓ sai a 1948 kamfanin Columbia ya fito da shi, kowace fuska tana ɗaukar minti ashirin da 'yan kai, kuma wannan ma'auni ne ya tsara albam yadda muka san shi. Ga mai irin waɗannan dogayen faya-fayai wanda yake son ya ji su ba tare da ya zama makanike ba, ina ba da shawarar wannan injin ba tare da jinkiri ba.

Makon jiya kawu ya zo Kaduna ganin likita ya sauka a wurina. Bayan an ci tuwo na ce: "Kawu, wanne za a sa muku?" Bai yi dogon tunani ba ya ce in nemo masa Ummu Kulsum. Faifan Inta Umri ne, waƙar da ta fara rerawa a Alƙahira a watan Fabrairu 1964, karo na farko da ta yi aiki da Muhammad Abdulwahab, wanda ya tsara kiɗan. Waƙa ɗaya ce tak ta cinye fuskokin faifan biyu. Gabatarwar kiɗan kaɗai tana ɗaukar mintuna, da gogunan Turawa masu yawa da jitar lantarki a tsakiyarsu, kafin ita ta shigo, kuma idan ta shigo takan riƙe baiti ɗaya ta juya shi ta sake juya shi, kowane karo da wata lanƙwasa daban. Kawu ya gaya mini cewa a zamaninta, daren Alhamis na farkon kowane wata gidan rediyon Masar yakan watsa wasanta kai tsaye, mutane su taru a gaban akwatin rediyo har tsakar dare. Ya zauna a kan tabarma ya jingina da bango, idonsa a rufe, yatsansa yana bin kiɗan a kan gwiwa. Da fuskar farko ta ƙare, hannun allurar ya ɗaga ya koma mazauninsa, na yunƙura zan tashi sai ya ɗaga mini hannu. Ya miƙe da kansa, ya kama faifan ta gefe da tafukan hannu biyu yadda yatsa ba zai taɓa layukan ba, ya juya shi, ya hure ƙurar da ke kai, ya tambaye ni wane maɓalli ake dannawa.